Sun tsaga wa Mama yatsa sun ce jininta cike yake da gubar bakteriya, wai akwai irin wannan gwajin?

Maman_Haidar:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah masu aikin lafiya da ke nan ku taimaka min, kaina ya kulle. Mamanmu ce kusan wata uku kenan tana fama da kasala, in ta miƙe sai jiri, ga ƙishirwa ba ta rabuwa da kofin ruwa, da daddare kuwa sai ta tashi fitsari sau huɗu sau biyar. Mun yi mun yi ta je asibiti ta ce ita ba za ta je ta wuni a layin kati ba, wai tsufa ne kawai. To ran Asabar wata maƙwabciyarmu ta ja ta wani taro da masu sayar da maganin ƙarin lafiya suka shirya, wai gwaji kyauta ne, ni na raka ta don ba na so ta hau adaidaita ita kaɗai.

Da layi ya zo kanmu wani saurayi da farar riga ya kama yatsanta ya goge da auduga da sifirit, ko bushewa bai bari ya yi ba ya tsaga, jinin bai fito sosai ba ya dinga matsawa kaman mai tatsar saniya har Mama ta ce wash. Ya ɗiga a kan ɗan gilashi ya sa a madubin likita da aka haɗa da talabijin, sai muka ga ƙwayoyin jini sun manne sun jeru kaman an jera sulalla, da wasu 'yan fararen ɗige-ɗige suna ta motsi a tsakani. Ya nuna da biro ya ce Hajiya kin ga wannan, sunansa endotoksin, guba ce da bakteriyar hanji ke zubawa cikin jini, taki ta yi yawa sosai in ba a wanke ba za ta taɓa ƙoda. Wallahi Mama har idonta ya kawo ruwa. Suka rubuta mata magani na wata ɗaya naira dubu 85, muka ba da rabi, garin ganye ne da wasu kafso, aka ce a dama garin da zuma cokali biyu safe da yamma.

Yau kwana biyar tana sha ni dai ban ga canji ba, fitsarin ma kaman ya ƙaru. Tambayata, da gaske ana gane wannan gubar da jinin yatsa? In akwai lab ɗin da ake yin na gaskiya dan Allah a faɗa min mu je mu tabbatar kafin mu cika musu kuɗin.

Sadauki92:

Wa alaikumus salam. Anti kar ki cika ko sisi, an yi muku sakiyar da ba ruwa. Irinsu ne masu ba ka wani ƙarfe ka riƙe a hannu kwamfuta ta fito ma da cuta talatin a minti ɗaya. Kuma ba mu kaɗai ake yi wa ba, a Amurka wata Elizabeth Holmes ta kafa kamfanin Theranos ta ce da ɗigon jinin yatsa za ta yi gwaji ɗaruruwa, manyan masu kuɗi suka zuba har aka kimanta kamfanin dala biliyan 9, a 2015 jaridar Wall Street Journal ta tona asiri, a 2022 kotu ta same ta da laifin damfarar masu zuba jari aka yanke mata shekara 11 da 'yan watanni. To in mai biliyoyi ta kasa balle mai talabijin a ɗakin taro. Allah ya ba Mama lafiya.

Abu_Lab:

Wa alaikumus salam Maman Haidar, Allah ya ba Mama lafiya ya sa kaffara ne. Ni aikin lab nake, yatsun da na tsaga Allah kaɗai ya san adadinsu, bari in miki bayani dalla-dalla ko da zai ɗan yi tsawo.

Ita endotoksin gaskiya ce, akwai ta, ba sunan ƙarya ya ƙirƙira ba, a nan ne ma wayonsu yake. Bakteriya in muka rina su a lab da rinin Gram kashi biyu suke rabuwa, wasu su riƙe shuɗi-shuɗin rinin wasu su sake shi su koma ja-ja. Waɗannan na biyun su ne irin su E. coli na hanji da Salmonella mai kawo taifot da ƙwayar kwalara da ta sanƙarau, to fatar jikinsu ta waje da wani sinadari aka gina ta mai haɗin kitse da sukari, shi ne endotoksin ɗin, a takarda za ki ga an rubuta LPS. Wani Bajamushe Richard Pfeiffer ne ya raɗa mata suna tun wajen 1892 lokacin yana aiki a kan kwalara, ya ga ko an kashe ƙwayar da zafi gubar tana nan tana aiki. Kin ga ɓarɓashin fatar bakteriya ne kenan. Yanzu ki auna, jar ƙwayar jini ɗaya faɗinta mikiron 7 zuwa 8 ne, E. coli sukutum tsawonta kaman mikiron 2, sai mun rina mun ɗiga mai a gilashi mun sa babban ido kafin mu gan ta da kyau, to ina ga ɓarɓashin fatarta da ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba? Babu madubin likita irin na kan tebur da zai nuna shi, ko a Jamus aka ƙera shi.

Abin da kuka gani a talabijin ɗin ni ma kullum ina gani. In ka ɗiga jini da kauri a gilashi ka bar shi ya fara bushewa ƙwayoyin sai su hau kan juna kaman sulalla, ko jinin ɗan ƙwallo ne haka zai yi, ka matsa gefen gilashin inda ya fi siriri sai ka ga sun warwatsu lafiya lau. Shi ya sa in kin koma bayan kin sha maganin za su nuna miki wajen siririn su ce kin ga jini ya wanku. 'Yan ɗige-ɗigen da ke rawa kuwa yawanci ƙwayoyin daskarar da jini ne da ɗigon kitsen abincin da aka ci, ko ƙurar gilashin ma, kuma duk abu ƙanƙani a cikin ruwa haka yake karkarwa da kansa.

Sai maganar yatsan, yadda kika ce ya yi ma ya isa a kore shi daga lab ɗinmu. Ƙa'ida a gefen kan yatsa ake tsagawa, na tsakiya ko na zobe, a bari sifirit ya bushe don in ya gauraya da jini yana fasa ƙwayoyin, a share ɗigon farko da busasshiyar auduga, na biyun ake ɗauka, kuma ba a tatsa, don in ka matsa da ƙarfi ruwan tsoka ne ke biyo jinin ya sirka shi. In hannun ya yi sanyi a sa mutum ya murza ko ya sa a ruwan ɗumi ya sauke shi ƙasa jinin zai zo da kansa. Jarirai ma ba a taɓa yatsansu, a gefen dunduniya ake yi saboda ƙashin yatsan yana kusa. Kuma ko an bi duk wannan jinin yatsa yana da iyakarsa. A 2015 masu bincike a Jami'ar Rice ta Amurka sun ɗebi ɗigo bayan ɗigo daga yatsa ɗaya na mutum ɗaya suka auna kowanne daban, sai ga sakamakon yana tsalle, a wasu mutanen ƙarfin jini ya bambanta da sama da giram 2 tsakanin ɗigo da mai bin sa, sai an haɗa ɗigo shida zuwa tara kafin ya yi kusa da na jijiya. Don haka abin da muke yi da yatsa shi ne wanda ɗan kaɗan ya ishe shi, suga, maleriya na kati wanda mikirolita 5 kawai yake ci, gilashin maleriya, PCV, HIV na kati, rukunin jini.

Endotoksin kuwa matsalarta ta wuce ƙarancin jinin. Tana ko'ina, a ruwan famfo, a ƙura, a fatar hannu, kuma sifirit yana kashe bakteriya ne amma ba ya lalata gubar. Jinin yatsa dole ya gangaro ta kan fata kafin ya shiga kwalba, to in gwajin ya nuna akwai ta ina za ka san ta jini ce ko ta fatar ce ko ta audugar? Ko a jijiya aka ɗiba sai an nemo kwalba ta musamman da aka tabbatar babu gubar a ciki, sannan shi jinin kansa yana da sinadaran da ke kama gubar su ɓoye ta su kuma hana maganin gwajin aiki, sai an sirka ruwan jinin an ɗumama shi kafin a auna. Wahala ce sosai shi ya sa ba ya cikin gwajin yau da kullum. In likita na zargin ƙwayar cuta ta shiga jini abin da yake rubuto mana kalca ne, mu ɗebi mil 8 zuwa 10 a kowace kwalba ga babban mutum, don wani lokacin a mil guda na jini ƙwaya ɗaya ma da ƙyar ake samu, mu shuka mu jira kwanaki mu ga me zai tsiro da maganin da zai kashe shi.

Wani abin dariya ma, waidal ɗin nan da kowa ke yi in ya ji zazzaɓi, wannan O ɗin da kuke gani a takarda wani yanki ne na wannan LPS ɗin na Salmonella, sai dai ba gubar ake aunawa ba, martanin da jiki ya taɓa yi mata ne, shi ya sa wanda ya daɗe da warkewa ko ma bai taɓa kwanciya ba yake iya fitowa da shi a ce masa taifot.

Famasis_Kano:

Malam Abu ya gama magana. Ni zan ƙara ta ɓangarenmu ne don mu ne masu yin wannan gwajin kullum, amma ba a jikin mutum ba, a jikin magani. Na yi shekaru a sashen tabbatar da inganci na wani kamfanin ruwan ƙari da allurai, duk rukunin da aka haɗa ba ya fita sai mun auna endotoksin, don za ka iya kashe duk wata bakteriya a ruwa ka shuka ba abin da zai tsiro amma gawarwakinsu na ciki, ka ɗaura wa mara lafiya cikin awa ɗaya ya kama rawar sanyi gado na girgiza. Wata Ba'amurkiya Florence Seibert ce ta gano tun shekarun 1920 cewa zazzaɓin da ke biyo bayan allura daga ruwan da aka haɗa maganin yake.

Da can da zomaye ake yi. A samo zomo uku a yi musu allurar maganin ta jijiyar kunne a dinga auna zafin jikinsu har awa uku, in babu wanda zafinsa ya hau da rabin digiri maganin ya wuce. To sai a 1956 wani likita Frederik Bang yana aiki a tashar binciken halittun teku da ke Woods Hole a jihar Massachusetts ya lura da wata halitta da Turawa ke kira kaguwa mai kofaton doki, ku nemi hotonta, kaman an kife ƙoƙo an sa masa doguwar wutsiya mai tsini, kuma a zahiri ta fi kusa da kunama da gizo-gizo a kan kaguwa. Ya ga in bakteriya ta shige ta jininta sai ya daskare ya zama kaman kamu. Daga baya shi da Jack Levin suka gano endotoksin ce ke tayar da daskarewar, kuma ƙwayoyin jininta ne ke ɗauke da sinadarin. Jinin nata ma shuɗi ne, Allah mai iko, don jan ƙarfe ne a ciki a maimakon baƙin ƙarfen da ke namu. Daga nan aka samu gwajin LAL, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 1977. Har yau ana kamo su a gaɓar tekun Amurka ta gabas a ɗebi kusan kashi 30 cikin ɗari na jininsu a mayar da su ruwa, wasu su rayu wasu su mutu, masu kare halittu suna ta faɗa a kai don akwai tsuntsayen da ke ya da zango a gaɓar Delaware da ƙwan halittar nan suke ƙoshi. Yanzu akwai na haɗi da ba sai an taɓa ta ba, rFC, wanda Farfesa Ding Jeak Ling ta Jami'ar Singafo ta samar, kamfanoni na ta komawa kansa.

Yadda muke yi kuwa, ka ɗiga mil 0.1 na maganin da mil 0.1 na sinadarin a 'yar kwalba, ka ajiye a zafin digiri 37 awa ɗaya cur ba mai taɓa teburin, don ko ƙofa aka buga da ƙarfi daskarewar na iya karyewa a sake daga farko, ogana har takarda yake mannawa a ƙofa. In awa ta cika ka ɗauko a hankali ka kife kwalbar, in ya tsaya a gindi bai zubo ba akwai guba, in ya gangaro babu. Akwai kuma na na'ura wanda ruwan ke komawa rawaya ta karanto maka adadi. Ma'aunin EU ake ce masa, EU ɗaya kusan kashi ɗaya cikin goma na nanogiram ne, ki ji ƙanƙanta. Ruwan haɗa allura ba a yarda ya kai EU 0.25 a mil ba, kuma abin da za a sa wa mutum ta jijiya kar ya wuce EU 5 a kowane kilo na nauyinsa cikin awa, mai kilo 70 kenan 350, in ta ƙashin baya za a yi allurar kuma 0.2 ne kacal.

Abin da ya sa na yi dariya da na karanta labarin saurayin nan da audugarsa, mu kwalaben gwajin ma tukunyar turara kayan tiyata mai digiri 121 ba ta isar musu, sai an gasa su a busasshen zafi digiri 250 na minti 30 kafin gubar ta lalace, matatar da ke tare bakteriya ma wucewa take ta cikinta. Ita auduga kanta tana iya sakin wani sinadari da ke sa LAL ya daskare ko babu endotoksin. Hannu ba safa ka taɓa bakin kwalba ka ɓata aikin ranar. To wai shi a ɗakin taro fanka na kaɗa ƙura ya gani da ido.

Garin da suka ba ku ki duba ko akwai lambar NAFDAC, in akwai ma ki sani lambar ba shaidar yana wanke jini ba ce.

Zahra_Ganye:

To ni dai gaskiya ban ce abin da suka yi daidai ne ba amma kar kuma a yi watsi da maganar gaba ɗaya. Na sha karantawa cewa hanji yana yoyo gubar nan ta dinga shiga jini kaɗan-kaɗan ta kawo ƙiba da suga da kasala, kuma likitocin waje ne suke faɗa ba masu tallan magani ba. Ku 'yan asibiti duk abin da ba a koya muku a makaranta ba sai ku ce ƙarya ne. In ba a iya aunawa a jinin mutum su ta ina suka sani?

Likitan_Dare:

Hajiya Zahra tambayarki a kan hanya take, ba faɗa. Maganar da kika karanta tana da tushe, a 2007 Patrice Cani da abokan aikinsa suka ciyar da ɓeraye abinci mai maiƙo sosai suka ga endotoksin ta ɗan hau a jininsu tare da ƙiba da alamun suga. Tun daga nan ake ta bincike a mutane. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba, adadin da ake magana ƙanƙane ne ƙwarai, ta jijiya ake ɗiba da duk wahalar da Malam Abu ya lissafa, sakamakon wannan lab ya sha bamban da na wancan, har yau babu lambar da aka tsayar aka ce daga nan zuwa nan lafiya daga nan cuta, kuma babu garin da aka tabbatar yana wanke ta. Hanjin kowa cike yake da bakteriyar nan, ɗan abin da ya tsallaka jinin hanji ta hanta yake bi, hanta ta tace, aikinta kenan dare da rana ba ta karɓar dubu 85.

Gwajin da aka yi don jinin mutum akwai shi, EAA, wani kamfanin Toronto a Kanada ne ya yi, FDA ta amince da shi a 2003. Jinin jijiya ake ɗiba, cikin kaman minti 30 ya ba da lamba tsakanin 0 da 1, ƙasa da 0.4 kaɗan ce, 0.6 zuwa sama ta yi yawa. Amma don wa aka yi shi? Don wanda ke kwance a ɗakin kulawa ta musamman ana tsoron cuta ta gama jikinsa. A Japan tun 1994 suna da wata matata da ake bi da jini ta cikinta ta kama gubar, da aka gwada ta a babban gwaji a Amurka da Kanada aka fitar da sakamako a 2018 ba ta rage mace-mace ba in an haɗa duka marasa lafiyar. Wannan fa na'ura ce da jini ke ratsawa kai tsaye.

Kuma ku sani jikin ɗan Adam ba ya wasa da gubar nan. An sha yi wa masu sa kai lafiyayyu allurar nanogiram 2 zuwa 4 a kowane kilo don bincike, cikin awa ɗaya zuwa biyu zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon kai da bugun zuciya sun taso. In ta yi yawa da gaske kuwa jini ne ke faɗuwa, hannu da ƙafa su yi sanyi, fitsari ya ɗauke, mutum ya fara sambatu, wani fata ta fito da tabo baƙi-baƙi. Waɗanda suka ga sanƙarau na 1996 a Arewa, wanda ya kama sama da mutum dubu 100 ya kashe sama da dubu 11, sun san irin yaron da yake wasa da safe kafin dare an rasa shi, mafi muninsa aikin gubar nan ne. Da jinin Mama ya cika da ita yadda yaron ya ce, ba a adaidaita za ku koma gida ba.

Maman Haidar ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Ƙishirwa, yawan fitsarin dare, kasala wata uku, sannan an ɗora ta a kan zuma cokali huɗu kullum kin ce fitsarin ya ƙaru. Ban ganta ba ba zan yanke hukunci ba, amma dan Allah a tsayar da zumar da garin yau ɗin nan, gobe da safe a auna mata suga da hawan jini, ko a kyamis mai na'ura ne a fara, sannan ku ga likita. In ta fara amai ko barci mai nauyi ko rikicewa kar a jira safiya.

Sista_Wankin_Koda:

Allah ya saka Dokta. Mu a ɗakin wankin ƙoda mun san endotoksin kaman yunwar cikinmu, amma a ruwa muke nemanta. Mara lafiya ɗaya a zama ɗaya na awa huɗu ruwa sama da lita 100 ne ke wucewa ta gefen jininsa, siririyar fata ce kawai tsakani, shi ya sa ƙa'ida ruwan kar ya kai EU 0.25 a mil, wanda ake kira tsantsar tsafta kuma ƙasa da 0.03. In aka yi sakaci da wanke tanki da bututu wani yauƙi ne ke kama cikinsu bakteriya su yi gida, na'urar tacewa na aiki amma gubar na fitowa daga gaba. Ranar da na ga mutum uku a layi ɗaya sun kama karkarwa kusan lokaci guda bayan an ɗora su, muna ta lulluɓa musu barguna haƙora na haɗuwa, ba wanda ya ce a tsaga yatsa, injiniya aka kira aka ɗebi ruwa a kwalba aka tura gwaji, su kuma aka ɗebi kalca ta jijiya don wani lokacin daga robar da ake sa musu a jijiyar wuya cutar take. Ki lallaɓa Mama ta je asibiti 'yar'uwa, yawancin waɗanda nake ɗorawa a na'ura suga da hawan jini ne suka kawo su.

Maman_Haidar:

Jama'a na gode Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Na karanta wa Mama duka, wajen jini shuɗi sai da ta sa na maimaita ta ce ikon Allah sai kallo. Yau da safe yayanmu ya zo da mota ya ce ba shawara ya zo yi ba, muka je asibiti, ta riga ta sha koko kafin mu fita. Wata sista ta sa ta wanke hannu da sabulu ta shanya, ta tsaga gefen yatsa ta share na farko kaman yadda Malam Abu ya ce, ina tsaye ina kallo har na yi murmushi, na'urar auna suga ta nuna 17.4. Likita ya ce ya hau sosai, ya duba fitsari, ya fara ba ta magani ya rubuta gwajin jijiya na azumi da na ƙoda da wani HbA1c ya ce mu dawo jibi. Na kira maƙwabciyar kan kuɗinmu ta ce wai ba a mayarwa sai dai a canza mana da wani maganin na suga, yayanmu ya karɓi wayar, sauran ba sai na faɗa ba. Malam Abu na azumin nan ruwa ma ba za ta sha ba?

Abu_Lab:

Alhamdu lillah da aka je. Ruwa zalla ta sha abinta, ya ma fi don jijiyar ta fito da sauƙi, abinci da shayi da koko da goro ne ba a so, awa 8 zuwa 10 daga abincin dare, ku zo da sassafe ku taho mata da abin karyawa a jaka. Ku tambayi likitan ko ta sha maganin safe kafin ko bayan an ɗiba. Na azumin in ya kai 7.0 ko sama shi ne ake cewa suga, HbA1c kuma matsakaicin na wata biyu zuwa uku yake nunawa, 6.5 ne iyakarsa, amma in Mama AS ce ko jininta ya yi ƙasa ki faɗa musu a lab tun kafin su ɗiba don wasu na'urorin yana rikita musu lissafi. Sauran garin da kafson kar ku zubar, ku tafi da su a leda likita ya gani kafin sakamakon ƙodar ya fito.